Ƙaho Bayan Awon Jini

Gajiyar ba rana ɗaya ta zo mini ba. Da haka ta zo, da na iya nuna ranar na ce ga inda abin ya fara. Abin da nake iya tunawa shi ne wata damina da na fara zama a kan bulo tsakanin tashin mota da zuwan wata, ni da ban saba zama ba sai lokacin cin abinci.

Lodi nake yi a wani gidan bulo da ke bayan garin Suleja. Inji ya buga, rana ta busar, mu kuma mu ɗora a mota, mu bi ta har wurin gini mu sauke, wata rana Garam, wata rana Lambata. A lodi kowa da gurbinsa. Akwai mai miƙawa daga ƙasa, akwai mai karɓa a sama yana jerawa. Ni mai miƙawa ne, kuma a wannan gurbin furfura ta same ni. Da shi na aurar da 'yata ta fari, da shi nake zaune a ɗakin haya a Kurmin Sarki, da shi ake ɗora tukunya a gidana. Kullum da safe akwai samari a bakin ƙofar gidan bulon, waɗanda suka zo neman aiki Abuja ba su samu ba, suna tsaye suna jiran wanda zai gaza. Ba mugunta ba ce. Ni ma a bakin ƙofar nan na taɓa tsayawa.

Da farko haki ne. In ɗaga bulo mai inci tara zuwa ƙirji sai in ji kamar na yi gudu. Daga baya jiri ya shigo, musamman idan na ɗago daga ruku'u. Idan na kwanta ina jin bugun zuciyata a cikin kunne. In kwana ina barci amma in tashi kamar wanda ya yini yana noma. Abokan aiki suka fara tsokanata.

"Dattijo, miƙo mana. Ko sai mun sauko mun goya ka?"

"Ku jira ni," in ce, "ina ba ku lokaci ne ku huta."

Kowane mai lodi yana da maganinsa. Da yamma idan an tashi, mukan biya ta wani kemis mu ce a ba mu haɗin ciwon jiki. Mai shagon zai zuba ƙwayoyi kala-kala a leda, ka watsa a baki ka kora da ruwa, sau da yawa ciki ba komai. Shekaru na yi ina shan wannan haɗin, kusan kowace rana. Da gajiyar ta yi yawa sai na ƙara, ina sha da safe ina sha da yamma.

Sai kuma ƙaho. Mahaifiyata 'yar gidan wanzamai ce, kuma ɗan yayanta, wato taubashina, shi ya gaji zabirar gidan. Tare muka tashi. Tun muna yara yake kirana bawansa, kamar yadda ɗan namiji yake tsokanar ɗan mace, har yau kuma bai daina ba. Shi yake mini aski, shi ya yi wa duk 'ya'yana askin suna. Da na gaya masa halin da nake ciki bai ko yi tunani ba.

"Mataccen jini ne. Ranar Juma'a ka zo da hantsi."

Na je. Ya shimfiɗa tabarma a inuwar mangwaron ƙofar gidansa.

"Tuɓe riga, bawana. Kai da ka ƙi aska ka zaɓi dakon ƙasa, yau ga ka a hannun aska."

"Yi aikinka, wanzamin ƙauye. Ka dai wanke bakinka kafin ka tsotse ni."

Ya kafa ƙahonin a bayana da kafaɗuna, ya zuƙa, ya toshe. Da fata ta taso ya cire, ya yi tsaga da aska, ya mayar ya sake zuƙa. Da ya zo juyewa a kasko sai ya miƙo mini gaban ido.

"Duba nan. Wannan jini ne ko kwalta? Da wannan kake yawo a bayanka, yaya ba za ka gaji ba?"

Baƙi ne, guda-guda, yana rawa kamar hanta. Na dube shi na ji daɗi a raina. Ga gajiyata a kasko, an fitar da ita, za a binne ta a ƙasa. Kuma gaskiya ranar na ji bayana ya saki. Bayan 'yan kwanaki hakin ya dawo, har ya fi na da. Na koma. Taubashina ya ce ya daɗe yana taruwa, ba zai fita a zama ɗaya ba. Haka muka mayar da abin na kowane wata, wani lokacin ma wata bai cika ba.

Mai ɗakina ce ta fara tsorata. Wata safiya ina wanke hannu ta kama tafina ta juya shi, ta ajiye nata kusa da shi.

"Malam, dubi hannunka. Kamar wanda ya dama fura."

"Siminti ne."

"Siminti har cikin ido? Don Allah ka je a auna ka."

An sha auna ni a baya. A unguwarmu idan ka ce awon jini, abu biyu ake nufi, malariya da taifot. Ka miƙa yatsa, a ce maka akwai, ka sayi magani. Ban san ana neman wani abu a jini bayan waɗannan biyun ba. Da ta matsa mini na ɗauki rana guda na tafi asibiti. Likita ya saurare ni, ya ja fatar idona ƙasa ya duba, ya rubuta takarda ya tura ni ɗakin awo. Wannan karon ba a yatsa aka ɗiba ba, a jijiyar hannu ne, cikin 'yar kwalba. Aka ce in dawo gobe in karɓa in kai wa likita.

Washegari na biya da sassafe kafin in wuce aiki. Ma'aikaciyar da ke tagar ta miƙo mini takarda cike da layuka da lambobi.

"'Yata, akwai malariya?"

Ta duba. "Babu, Baba."

"Taifot fa?"

"Shi ma babu. Amma ka kai wa likita yau, shi zai yi maka bayanin sauran."

Na leƙa wajen ganin likita. Benci ya cika, mutane har kan baranda. Jiya ban je aiki ba, kuma na san an saka wani yaro a gurbina na yini guda. Idan na ƙara yau, ya zama kwana biyu yana nuna wa Oga mai gidan bulon ƙarfinsa. Na tsaya na yi lissafi irin nawa. Babu malariya, babu taifot, ke nan asibiti ba ta ga komai ba. Na ninke takardar na sa a aljihu na kama hanya.

Da na gaya wa taubashina sai ya yi dariya.

"Ba na gaya maka ba? Injinsu ba ya ganin mataccen jini. Ai daga hannu suka ɗiba, shi kuwa a baya yake kwanciya."

A wannan Juma'ar ya ƙara yawan ƙahonin. Da na miƙe daga tabarmar sai da na riƙe mangwaron.

A lokacin na shiga shekara ta biyu a ajin yaƙi da jahilci. Bayan la'asar muke zama, a wata firamare, a kan bencin yara, gwiwoyinmu suna tokare da tebur. Malaminmu tsohon hedimasta ne da ya yi ritaya, mutum mai haƙuri da manya. Wata rana yana koya mana lamba mai ɗigo a tsakiya, irin wadda ake gani a gidan mai da kan sikeli. Sai na tuna na ga irinsu a takardar da ke aljihuna. Da aka tashi na tsaya na nuna masa.

Ya sa tabarau ya daɗe yana kallo.

"Ni ba likita ba ne, kada ka ɗauki maganata ta likita. Amma tsarin takardar zan iya nuna maka. Wannan jerin na hagu sunan abin da aka auna ne. Na tsakiya, abin da aka samu a jikinka. Na dama kuma, abin da ake so a samu a jikin mai lafiya, daga kaza zuwa kaza. Sa yatsanka a layin nan. Karanta mini."

Layin ya fara da harufa biyu, H da b. Na bi shi da yatsa.

"Bakwai, da ɗigo, da 'yar lamba."

"Na dama fa?"

"Sha uku zuwa sha bakwai."

"To, bakwai tana tsakanin sha uku da sha bakwai?"

Ko ban shiga aji ba na san amsar wannan. Idan Oga ya ce a ɗora sha uku aka ɗora bakwai, an ci rabin kaya.

Muka bi sauran layukan. Wasu suna cikin iyakarsu. Wasu biyu ko uku a ƙasa suke, kuma an sa musu alama a gefe. Alamar tana nan tun ranar da na karɓi takardar, ban dai san ana nufin wani abu da ita ba.

"Yaushe aka ba ka wannan?"

"An kwana biyu."

Ya duba kwanan watan da ke sama, ya dube ni ta saman tabarau. "An fi wata. Gobe ka koma asibiti."

Ban koma ba. Na fahimci jinina ya yi ƙasa, amma a wajenmu ƙarancin jini ba abin tashin hankali ba ne, abin mata masu jego ne, kuma kowa ya san maganinsa. Mai ɗakina ta fara haɗa mini lemon malt da madarar gwangwani. Maƙwabciyarmu Bayarabiya ta kawo ganyen ugu ta ce a matse ruwan in sha. Na sha. Ƙaho dai na dakatar, ba don na zarge shi ba, sai don na ga bai kamata a cire ana ƙarawa ba. Haɗin kemis kuwa ban fasa ba, don in ban sha ba ba zan iya ɗaga hannu ba. A makon nan Oga ya fara tsayawa a bayana idan ana lodi, yana kallon agogo. Na ce a raina bari babban aikin da muka samu a Garam ya wuce tukuna.

A Garam ɗin na faɗi. Muna saukewa a wani gini, rana ta take. Na karɓi bulo, na juya zan ajiye, sai na ga ƙasa ta taso. Abin da na sani bayan nan, ina kwance a bayan motarmu a kan buhunan siminti da babu komai ciki, wani yana yi mini fifita da kwali, direba yana ta danna oda.

Likitar da ta karɓe ni a asibiti mace ce, ba za ta wuce sa'ar 'yata ba. Aka sake ɗibar jini. Mai ɗakina ta zo da tsohuwar takardar, likitar ta ajiye su biyun gefe da gefe a kan gadon.

"Baba, an yi maka bayanin wannan?"

"Na karanta. Bakwai maimakon sha uku."

"To yau bai kai bakwai ɗin ba ma." Ta nuna mini, na gani da idona. "Wannan layin yana auna abin da ke ɗaukar iska a cikin jini ya kai wa sauran jiki. Idan ya yi ƙasa, zuciya sai ta riƙa gudu don ta cike giɓin. Shi ne hakin, shi ne bugun da kake ji a kunne. Wannan layin na ƙasa kuma girman ƙwayoyin jinin ne. Naka ƙanana ne, sun koɗe. Jikinka yana yin su, amma sinadarin ƙarfen da yake yin su da shi ya ƙare."

Na gane wannan. Na ga bulon da aka buga da siminti kaɗan. Siffarsa ta bulo ce, amma ba ya ɗaukar nauyi.

"Namiji mai shekarunka da yake cin abinci ba ya rasa wannan sinadarin haka kawai," ta ce. "Jinin yana fita ta wani wuri. Shi nake nema. Bayan gidanka wane kala ne?"

Na dubi mai ɗakina. Ta sunkuyar da kai ta fita.

"Baƙi," na ce. "Ya daɗe. Na ɗauka wake ne."

Ta tambayi magungunan da nake sha, na gaya mata haɗin kemis, safe da yamma. Ta ajiye biro. Ta ce irin waɗannan ƙwayoyin suna iya cin bangon ciki har ya riƙa tsiyayar da jini kaɗan-kaɗan, kuma jinin da ya bi ta hanji baƙi yake fita. Sannan ta ɗaga rigata za ta saurari ƙirjina ta baya, sai ta tsaya. Na ji yatsanta yana bin tabon tsaga, sababbi a kan tsofaffi.

"Wannan fa, yaushe rabonka?"

"Bayan na karɓi waccan takardar, sau ɗaya."

Ba ta yi faɗa ba. Ta mayar da rigar ta ce, "Ciki yana zubarwa, baya yana zubarwa. Baba, za mu ƙara maka jini. A kira 'yan uwa."

Dokar wajen ita ce, kafin a ba ka jini sai naka sun kawo wanda zai bayar. Abokan aikina suna bakin aiki. Surukina aka gwada aka ce bai dace ba. Taubashina ne ya zo da zabirarsa a kafaɗa, daga gidan suna aka kira shi, ya shiga ɗakin awo ya naɗe hannun riga. Da ya fito da auduga a gwiwar hannu ya zauna a gefen gadona.

"Duniya ta lalace. Yau ubangida ne yake ba bawa jini."

"Ai nawa ne ka dawo da shi. Saura ma da yawa a wajenka."

Bai yi dariya ba. Aka shigo da ledar jinin aka rataya a ƙarfe. Ban sani ba ko nasa ne, ko na wani ne nasa ya maye gurbi. Ko na wane ne, an auna shi an tabbatar na mai lafiya ne. Na ɗaga kai na dube shi, na daɗe ina dubawa. Ba ja ba ne irin na yanka. Duhu gare shi, ya kusa baƙi, kalar da na sha gani a kasko a ƙarƙashin mangwaro.

"Duba can," na ce wa taubashina.

Ya duba.

"Wannan ma matacce ne?"

"Leda ce ta sa," ya ce. Can kuma ya ce, "Kakanmu ya yi wa rabin garin nan ƙaho, ba wanda ya faɗi." Ya tashi ya ce zai je ya yi salla. Ya bar zabirar a ƙarƙashin gadona, sai washegari ɗansa ya zo ya ɗauka.

Da za a sallame ni likitar ta ba ni maganin ciki da ƙwayar ƙarin jini, ta hana ni haɗin kemis har abada, ta hana ƙaho. Ta ce akwai awon da ake zura 'yar kyamara ta baki a ga inda cikin yake zubarwa, don a tabbatar gyambo ne ba wani abin da ya fi shi ba. Ba a yin sa a nan, sai an shiga Abuja. Ta rubuta mini takarda. Sannan ta ce kada in ɗauki kaya mai nauyi sai lambar ta dawo.

"Zuwa yaushe?"

"Watanni. In zubar ta tsaya."

Ban jira watanni ba. Da na ji ƙafata ta ɗauke ni na koma gidan bulo. Ana cikin lodi na isa. A gurbina akwai wani saurayi dogo, ɗaya daga cikin masu tsayuwa a ƙofa, yana miƙa bulo kamar yana miƙa burodi. Abokan aiki suka yi mini sannu daga saman mota, ba wanda ya tsokane ni. Da sun tsokane ni da na fi jin daɗi.

Oga mutumin Kudu ne, amma ya daɗe a Suleja, Hausa ta zauna a bakinsa. Ya ja ni gefe.

"Baba, ka ba ni tsoro ranar nan. Idan ka mutu a motata, me zan gaya wa madam ɗinka?"

"Na warke, Oga. An ƙara mini jini."

"To ɗaga wancan."

Ya nuna mai inci tara. Na sunkuya na kama. Na kai shi gwiwa, na kai shi ciki. Daga nan sai kunnena ya fara wannan bugun, gefen idona ya yi duhu. Na mayar da shi ƙasa a hankali don kada ya fashe. Saurayin ya kau da kai, ya ci gaba da miƙawa.

Oga bai kore ni ba. Ya ba ni ban ruwa. Sabon bulo yana son a jiƙa shi safe da yamma kafin ya yi ƙwari, kuma tsoho ake ba wannan aikin, ko mai ciwo. Wanda yake yi kafin ni ya rasu bara. Abin da ake samu a ciki bai kai rabin na lodi ba. Mai ɗakina ta fara soya awara a ƙofar gida, abin da ba ta taɓa yi ba tun da na aure ta.

Taubashina yana zuwa yi mini aski kamar da. Yana buɗe zabira ta gefen askake, ƙahonin suna can ƙasa, ba ya fito da su a gabana, ni ma ba na tambaya. Ranar Juma'a idan na wuce ƙofar gidansa ina ganin mutane a tabarma, riga a tuɓe. Wasu na san su, masu lodi ne a wasu gidajen bulon. Na taɓa tsayar da ɗaya na ce ya je a auna shi tukuna. Ya ce an auna, babu malariya.

Awon Abuja har yanzu ban je ba. Takardarsa tana cikin littafin ajinmu. Na koma asibitinmu an sake ɗibar jinina a watan jiya, kuma wannan karon ban tambayi mai tagar komai ba. Na tsaya a barandar na buɗe, na nemi layin H da b, na bi shi da yatsa. Tara. A watan da ya gabace shi ma tara ne. Na dubi na dama, sha uku tana nan inda take. Na san abin da likitar za ta ce kafin in shiga, na kuma bi layi na shiga ta faɗa.

Daga asibitin na wuce wajen aiki, don bulon safe yana jira. Na kwance tiyo na buɗe famfo. Mota ta cika za ta Lambata, masu lodi suka hau saman kaya, saurayin nan ya zauna a kusurwar da nake zama, ta bayan direba, inda iska ba ta dukan fuska sosai. Ya ɗaga mini hannu, na ɗaga masa. Na ja tiyon zuwa layi na gaba.